Yadda Aka Yi Na Zama Mai Kakide

Asma'u, wannan babin naki ne, don haka ki zauna ki karanta shi da kyau, kada ki yi masa irin karatun da kike yi wa littafin lissafi. Na san za ki ce 'yar shekara goma sha bakwai me ta gani a duniya da har za ta rubuta tarihinta. To na gani. Na sha duka da muciya, na sha da ludayi, na sha da igiyar guga, har da faifai sau ɗaya, ranar da Umma ta rasa abin da ya fi shi kusa. Duk wanda ya sha wannan ya isa ya rubuta littafi. Mako mai zuwa zan tafi makarantar koyon jinya, kuma akwai maganar da ba zan iya tafiya da ita ba. Da gangan nake rubutawa da boko, saboda kakanmu Baba Tsoho ajami kawai yake karantawa. In kin gama ki ɓoye littafin, amma ba inda kike ɓoye alewa ba, don wannan wurin kowa ya san shi.

Shekara biyu ke nan ana kirana Mai Kakide, tun daga Ƙofar Dundaye har cikin ajinmu. Ke ma kina faɗa in mun yi faɗa. Abin da kika sani shi ne wai na lafta wa injin saƙar Inna kakide, wato kitsen sa, don kada a sa ni aiki. Ga yadda abin yake.

Kina ƙarama lokacin da kakarmu Inna take kan injin nan, ba lallai ki tuna yadda yake a hannunta ba. Dogon faranti ne na ƙarfe, allurai jere a kansa kamar haƙoran mataji, sai kan injin, wanda ake kamawa a tura dama a dawo hagu. Kan yana gudu ne bisa sandar ƙarfe da muke ce wa dogo. In dogon yana da santsi, da yatsa biyu ake tura shi, yana cewa shuu, shuu, hular jariri tana saukowa ta ƙasa. Injin ya girmi Abba. Inna ta ce da shi ta saƙa wa rabin unguwar nan rigar sanyi, ni kuwa na ce har da sauran rabin, don ban taɓa ganin jariri a layinmu da ba hular Inna a kansa ba. Dokarta ɗaya ce: ranar Juma'a injin yana hutu, a rufe shi da zane, a ja ƙofar ɗakin. Sunanta aka sa mini, don haka tun ina jan gindi take cewa injin na takwararta ne. Da ta rasu, a tsakiyar zafin bazara, Umma ta ci gaba da saƙa a kai kafin in yi hankali, abin da Umma ta ce ba za a yi a wannan ƙarnin ba.

Bazara ta wuce lafiya, damina ma ba laifi. Da iska ta fara sanyi, daidai lokacin da mata suka fara kawo ulu ana son riguna, sai injin ya fito da wani hali. Da safe ya cije. Umma ta kama kan da hannu biyu, ta dafe tebur da gwiwa, ta tura kamar mai tura motar da ta mutu, shi ko gezau. Amma da azahar, in rana ta gasa kwanon ɗakin, sai ya saki jiki ya yi ta gudu kamar ba shi ba. Kuma ranar Asabar ya fi kowace rana taurin kai. Dogon ya yi baƙi, wani abu mai danƙo ya liƙe tsakanin allurai, farin ulu yana shiga fari yana fitowa da zane-zane.

Umma ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsa.

“Injin da ka aiki da rana shi ƙi aiki da sahe, wanga ba lalacewa ta ba. Hannu anka sa mai.”

Wadda ta fara zargi ita ce maƙwabciyarmu Maman Sadiya, don ta sayi sabon injin saƙa a watan. Laifin matar nan kawai shi ne ta shigo aron turmi ta ce, “Ashe tsohon nan shina nan da rai.” Shi ke nan. Umma ta daina aika mata tuwo. Aka turara ɗakin da hayaƙi har ƙadangaru suka yi hijira. Aka yayyafa ruwan tofi a kusurwa huɗu, aka rataya wa ƙafar tebur laya. Injin ya sha addu'ar da ko ni ban taɓa samu ba ranar jarrabawa. Washegari da safe ya cije kamar jiya.

Sai ga wata mata daga Gidan Dahala ta dawo da hular da aka saƙa wa ɗanta. Ta riƙe ta da yatsa biyu, nesa da jikinta.

“Maman Hadiza, don Allah mi kuka sa ma ulunku? Tun da nis sa ma yaron ga hulag ga, kyanwowin unguwa ba su bar ƙohwar ɗakina ba. Uban nasa ya ɗauke shi yac ce shina ƙamshin balangu.”

Umma ta karɓa ta shinshina, ta ce ita ba ta ji komai ba. Da gaskiyarta. Gidan mahauta ne gidanmu. Labulenmu ƙamshin nama yake, littattafaina ma haka, malamin Hausa ya taɓa tambayata ko a cikin tukunya nake yin aikin gida. Amma da matar ta fita, sai Umma ta juyo a hankali, ta bar Maman Sadiya ta huta, ta sauke idonta a kaina.

Ban ga laifinta ba. Ni ce na ɗaure wutsiyar akuyar liman da kujerar mai shayi. Ni ce na zuba garin barkono a kwalbar kwallin Anti Rabi, ko da yake har gobe ina cewa kuskure ne. In kaza ta yi tari a unguwar nan, sunana ake fara kira. Kuma a makon ne aka ce in fara koyon saƙa bayan Islamiyya, na ce hannuna yana ciwo.

“Hadiza, mi kinka yi ma injin ga?”

“Wallahi Umma ban taɓa shi ba.”

“Wallahinki ta hi ruwan rijiya yawa. To ji nan. Ran Assabar za ni kai shi Ƙohwar Marke wurin mai gyara. In yac ce ba ya gyaruwa, mai gwangwan za ni kira shi auna shi. Na gaji da jin kunya gaban mutane.”

Asma'u, ban taɓa jin maganar da ta yi mini zafi kamar wannan ba. Injin da aka ce nawa ne, a ɗora shi a sikeli tare da tsofaffin tukwane da bakin gatari! Sai na shiga bincike, kuma na zargi kowa. Na zargi kyanwarmu, don na kama ta tana lasar dogon. Na zargi Abba. Ke kanki na zarge ki, na bi ki kwana biyu ina shinshina hannunki in kina barci da rana, ki yafe mini. Da na rasa mai laifi, sai na zauna na yi tunani, abin da ba na yawan yi. Tun da Asabar ce ranar da ya fi cijewa, to duk abin da ake yi masa ranar Juma'a ake yi, ranar da ɗakin yake rufe, ni ina makaranta, Umma tana madafa tun hantsi.

Ranar Juma'a na tashi da ciwon ciki irin wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar Sakkwato. Na yi birgima, na kira sunan Inna, na ce a yafe mini abin da na yi wa akuyar liman. Umma ta ɗura mini jiƙon saɓara ta ce in kwanta. Tana shiga madafa na lallaɓa ɗakin injin, na shige bayan buhunan ulu, na riƙe muciya. Niyyata ko aljani ne sai na fasa masa kai.

Na kai kusan awa guda, ƙafata ta mutu, sai na ji ƙarar sanda a ƙasa, ƙwas, ƙwas. Ƙofa ta buɗe. Baba Tsoho ne.

Kin san shi da kakide. Shekara arba'in yana fawa, kuma a wurinsa ba abin da narkakken kitsen sa ba ya gyarawa. Ƙyaure ya yi ƙara, kakide. Kwado ya ƙi buɗuwa, kakide. Faso, sarƙar keke, takalmin fata, wuƙa kada ta yi tsatsa, duk kakide. Tun da hannunsa ya fara rawa ya yanke yatsa, Abba ya karɓe wuƙaƙensa ya hana shi zuwa mahauta, ba abin da ya rage masa na sana'a sai ɗan gwangwanin nan da yake yawo da shi a aljihu. Amma ko a mafarki ban kawo shi cikin lissafina ba, don ban taɓa ganin ya shiga ɗakin ba. Umma surukarsa ce, in ta hango shi sai ta sunkuyar da kai ta canja hanya, shi ma in tana wuri ba ya zama. Gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga bayan labule. Shi bai san injin yana ciwo ba, ita ba ta san yana shiga ba.

Ya yaye zanen, ya naɗe shi da kyau. Ya buɗe gwangwanin, ya lakato da babban yatsa, ya bi dogon tun daga wannan ƙarshen har wancan, a hankali, yana laluben inda bai samu ba. Ya tura kan injin dama, ya dawo da shi hagu. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa.

“To, Hadizatu, ga shi na shahwa miki. Kada ki ce na manta.”

Na ɗauka da ni yake, har na buɗe baki. Sai na gane da mai sunan yake.

Muciyar ta zame daga hannuna ta faɗi. Bai ko firgita ba.

“Hito, amarya. Tun da nis shigo nij ji warin saɓara. Ke da anka ce kina bakin mutuwa?”

“Na ji sauƙi, angona. Mi kaka yi ma injin Inna?”

“Abin da nika yi tun ba a haihi ubanki ba. Ran da nis sawo mata shi, nic ce ke da saƙa, ni da mai. Kowace Juma'a kahin in yi wankan masallaci. Ba ta taɓa kai shi wurin mai gyara ba, ko sau guda. Takan ce, Malam, hannunka na ka riƙe da injin ga.” Ya goge yatsansa a gefen riga, ya yi dariya. “Sun karɓe min wuƙa, sun ce na tsuhwa. Wanga aikin dai ba mai karɓe shi.”

Maganar tana bakina, wallahi tana kan harshena: Baba, kai ne kake kashe shi. Sai na ga yadda yake mayar da zanen, yana gyara gefensa kamar mai rufa wa mutum bargo. Na haɗiye.

Da ya fita na zauna a ƙasa, kaina ya ɗaure. Shekara talatin da wani abu ana lafta wa injin kitse, yaya aka yi bai taɓa cijewa a hannun Inna ba? Ina zaune sai idona ya faɗa ƙarƙashin teburin, can ciki, bayan ƙafar da aka rataya wa laya. Wani tsohon gwangwanin madara ne babba, an rufe shi da tsumma. Na jawo. Kwalbar kananzir, saura kaɗan. Buroshin haƙori da gashinsa ya baje. 'Yar kwalbar man keken ɗinki. Da tsummoki a naɗe, sun sandare da kitse.

Nan na tuna. Duk Juma'a Inna takan aike ni sayen kananzir, ta ce na fitila ne, mu kuwa rabonmu da fitilar kananzir tun ban yi wayo ba. Kuma da maza sun tafi masallaci sai ta shiga ɗakin nan ta turo ƙofa, ta ce za ta yi lazimi. Lazimin da ake fitowa daga shi ana wanke hannu da toka! Ashe shi ya shafa da hantsi, ita ta goge da azahar, ta sa man da ya dace, da yamma ta ce masa hannunsa ne ke riƙe da injin. Da ta rasu, mai shafawa ya ci gaba, mai gogewa babu. Zafin bazara ya rufa asiri don kitsen a narke yake, sanyi na zuwa ya daskare, ya haɗu da gashin ulu ya zama danƙo.

Ina jin an tafi masallaci na zage. Na tsoma buroshin a kananzir na hau dirza. Kitsen wata bakwai ne ya taru, yana fitowa curi-curi, na safiyar nan kuma fari tas a sama. Ban san lokacin da ya kai mini har gwiwar hannu ba. Ban kuma ji buɗe ƙofa ba.

“Innalillahi! Hadiza!”

Ki tsaya ki ga abin da Umma ta gani. Mai ciwon ciki, tsaye a kan injin, hannu biyu dumu-dumu da kitse. Ko alƙali ne ubana sai ya ɗaure ni.

“Ashe ke ta! Nig ɓata da maƙwabciyata a banza, nis sha kunya gaban mutane, ashe ɓarawon shina cikin ɗakina shina cin tuwona! Don kada ki yi saƙa?”

Kalma uku za su fitar da ni: Baba Tsoho ne. Ga gwangwanin Inna a ƙasa, shaida a fili. Amma na san abin da zai biyo baya. Umma ba za ta iya yi masa magana ba, sai ta gaya wa Abba. Abba kuwa kin san bakinsa, yadda yake sara ƙashi haka yake magana. Zai je ya ce, Baba, ka bar taɓa injin nan, ɓata shi kake yi, Inna ma gogewa take yi. A rana ɗaya a karɓe masa aikin da ya rage, a kuma gaya masa matarsa ta yi sama da shekara talatin tana yi masa ƙarya. A daidai lokacin na ji sandarsa a zaure, sun dawo, yana tambayar ko amaryarsa ta warke.

Na tura gwangwanin ƙarƙashin tebur da ƙafa.

“Ni ta, Umma. Na ɗauka zai ƙara mai gudu.”

Muciyar da na kawo don aljani, da ita aka yi mini. Dukan bai dame ni ba, mun saba. Abin da ya dame ni shi ne da Umma ta gaji ta zauna a bakin ƙofa, ta ce a hankali, “Na ɗauka ko mi kika yi, ba ki taɓa kayan Inna.” Ta yi wata guda ba ta aike ni ko sayen gishiri ba. Ta sa na je gidan Maman Sadiya na durƙusa na ba da haƙuri a kan zargin da ba ni na yi ba, kuma daga bakin Sadiya sunan ya fita. Kafin Litinin har mai gadin makarantarmu ya san Mai Kakide.

Ranar Asabar muka ɗora injin a Keke Napep zuwa Ƙofar Marke. Mai gyaran, wani ɗan siririn dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya zare kan injin, ya leƙa cikinsa, ya shinshina, ya dube mu.

“Hajiya, injin saƙa kunka kawo ko tukunyar miya? In na matse wanga sai a yi tuwon suna.”

“Shi gyaru?” in ji Umma.

“Ƙarhen da na, ba shi mutuwa. Wanka kawai shika so. Wa yay yi wanga aiki?”

Umma ta nuna ni da haɓa. Ya miƙo mini buroshi, ya ce wanda ya ɓata shi zai wanke. Muka yini a shagon. Da la'asar na tura kan da yatsa biyu, ya ce shuu. Umma ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyarawa. A hanyar dawowa ta yanke mini hukunci: daga yau ni zan riƙa wanke injin duk mako, har in bar gidan. Na ɓata fuska kamar an ce in kwashe masai, na ce to, in dai dole ne, ranar Juma'a zan riƙa yi, tun da ita ce ranar hutunsa.

Yanzu ki buɗe kunnenki, don daga Juma'a mai zuwa aikin naki ne. Na riga na gaya wa Umma ke za ki gaje ni, ta ce Allah ya sa ki fi ni hankali. Kina dawowa daga makaranta kada ki shiga ɗakin. Ki jira sai kin ji sandarsa ta fita zaure. Ki tura kan injin har ƙarshen dogo ki zare shi, ki kifa shi a kan tsumma, kada ki ajiye shi a ƙasa. Ki fara kwashe kitsen da busasshen tsumma tun yana sabo. Sannan ki jiƙa wani da kananzir, jiƙawa kaɗan, ba wanka ba, ki bi dogon sama da ƙasa. Buroshi na tsakanin allurai ne da cikin kan, inda gashin ulu yake taruwa, kuma ki riƙa sharowa waje, kada ki tura shi ciki. Ki bari ya bushe. Man keke ɗigo uku a tsumma mai tsabta, ba a kan ƙarfen kai tsaye ba, ki shafa wa dogon da gindin allurai. In kika ga yana ƙyalli kamar goshin amarya, ya yi yawa, ki rage. Ki mayar da kan, ki saƙa layi goma da ragowar ulu don ya kwashe abin da ya saura. Ki rufe da zane yadda ya rufe, gefen mai fure yana kallon ƙofa, yana lura. Ki wanke hannu da toka.

Da yamma kuma ki je ki same shi a kan tabarmarsa ki ce, “Angona, injin ga sai gudu shika yi.” Wannan yana cikin aikin, kada ki tsallake.

Abu ɗaya ne har yau ban gane ba, kuma ina zargin tsohon nan. Juma'a ta uku da fara aikina, na je na faɗa masa haka. Ya kamo hannuna, wanda na wanke da toka har sau biyu, ya kai hancinsa. Ya shinshina. Mutumin da ya ji warin saɓara daga bayan buhu uku.

“Amarya,” ya ce, “kin koma ƙamshin kakarki.”

Sai ya laluba aljihu ya ba ni tsoka guda ta kilishi, ya juya ya ci gaba da jan carbi. Ko ya sani, ko bai sani ba, ko tun zamanin Inna ya sani, na auna fuskarsa shekara biyu ban samu komai ba. Ke ma kada ki tambaye shi.

Gwangwanin madarar yana nan inda Inna ta bar shi. Kananzir ya kusa ƙarewa. In kika je saye aka tambaye ki, ki ce na fitila ne.